Shugaba Ya Ce Ajina Ya Cika Surutu, In Koma Cika Allo da Not

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar Faransanci ce a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a jihar Katsina, shekarata ta biyu ke nan da kama aiki. Digiri na yi a Faransanci, har da shekarar nan da ake tura mu cibiyar koyon Faransanci ta Badagry, kuma Allah ya sani ina son harshen nan. Ina ɗaukar aji ɗaya zuwa aji uku. Kowane aji yara sun kai 80, firiyod biyu a mako, minti 40 kowanne. Littattafan da makarantar ke da su ba su wuce 10 ba, su ma suna kulle a ofis.

Da na zo, na ce ba zan koyar yadda aka koyar da mu ba, a cika allo a ce mu kwafa. Sai na riƙa sa su waƙa da gaisuwa da 'yar hira bibbiyu. Yaran suna so, ko a hanya suka gan ni sai ka ji "Bonjour madame". Amma malamin lissafi da ke ajin kusa ya kai ƙarata, wai na mai da aji kasuwa. Da sakamakon zangon da ya wuce ya fito, fiye da rabinsu sun faɗi. Shugaba ya kira ni gaban mataimakinsa, ya ce ya duba littattafan yara bai ga not ba, in daina wasan yara in gama manhaja kamar kowa. Ana cikin haka wani uba ya zo ya ce bai turo 'yarsa ta koyi waƙar Nasara ba, wai ai ko Nijar ta yar da Faransancin. Maigidana kuma ya ce albashin bai kai wahalar ba, in ajiye in shiga shagon atamfa da ƙanwarsa. Anti, ranar nan na yi kuka. In na koma kwafar not, na san za su gama aji uku ba su iya tambayar sunan mutum ba. In na ƙi, a ce na cika taurin kai. Ko dai in haƙura da koyarwar baki ɗaya?

Malamar Faransanci, daga jihar Katsina

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanyaya miki. A yi wa mutum faɗa a gaban wani, kuma a kan abin da ya yi da zuciya ɗaya, akwai ciwo. Ga shi abubuwa huɗu sun haɗe miki a lokaci guda, shi ya sa kike ganin kamar ƙofa biyu kawai ta rage, ko ki miƙa wuya ko ki tattara kayanki. Ni kuwa da na karanta wasiƙar na ga akwai wuri a tsakani, mai faɗi ma. Yaran da ke tare ki a hanya da gaisuwar Faransanci ba tilas aka yi musu ba, wannan kin samu, kuma malamai da yawa sukan yi shekaru ba su same shi ba. Abin da ya rage shi ne ki ba shugabanki abin da yake nema ba tare da kin rufe bakin yaran ba. Yana yiwuwa.

Mu fara da lissafi, don zai rage miki nauyin da kika ɗora wa kanki. Minti 80 kike da shi a mako. In aka cire makon dawowa, da na bita, da na jarrabawa, da ranakun da aka yi wasanni ko taro, da ƙyar zango ya ba ki mako 10 na koyarwa. Awa 13 ke nan da 'yan mintoci, wato kusan awa 40 a shekara, 120 daga aji ɗaya zuwa aji uku. Cibiyoyin koyar da Faransanci suna ƙiyasta cewa matakin farko, wanda ake kira A1, yana cin tsakanin awa 60 zuwa 100, kuma a ƙaramin aji mai littafi a hannun kowa. Saboda haka in yaronki ya gama aji uku ya iya gaisawa, ya faɗi sunansa da garinsu da sana'ar mahaifinsa, ya tambayi farashi, ya karanta gajeriyar wasiƙa ya gane, kin cika aikinki cif. Kada ki auna su da abin da kika gani a Badagry, inda kuka kwana kuka tashi da harshen. Tun da Janar Abacha ya yi shela a 1996 cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, aka kuma sa shi a manufar ilimi ta ƙasa a 1998 a matsayin darasin dole, ba a taɓa tanadar malamai da littattafan da suka dace da wannan shela ba. A takarda an tsara tun firamare yaran su fara, amma kin san yawancin waɗanda ke gabanki a bakinki suka fara jin bonjour. Wannan giɓin ba ke kika haƙa shi ba.

Yanzu ga shugaba. Bai kyauta ba da ya yi miki magana gaban mataimakinsa, wannan na yarda. Amma ki tsaya a inda yake tsaye. In masu duba makarantu suka zo daga ma'aikata, ba za su saurari waƙa ba, littafin tsara darasinki za su buɗe, da rajistar abin da aka koyar, da littattafan yara. In sakamakon BECE, jarrabawar gama aji uku, ya fito da muni, shi za a kira. Uba kuma in ya buɗe littafin ɗansa ya ga fari fat, cewa zai yi malamar ba ta zuwa aji. Sannan akwai inda shugaban yake da gaskiya ko da bai faɗe ta da daɗi ba: yaron da ba shi da littafin karatu, littafin rubutunsa shi ne kaɗai abin da zai koma gida da shi. In babu komai a ciki, me zai duba daren jarrabawa? Ina kyautata zaton nan ne aka samu faɗuwar nan. Kin koya wa baki da kunne, jarrabawa ta zo ta tambayi hannu. Yaron da ya saba da Hausa, inda ake rubuta abu yadda ake faɗarsa, ya ji "boku" sau ɗari a bakinki, ranar jarrabawa ya ga beaucoup a takarda, ina zai gane tsohon saninsa ne? Ya san kalmar sarai, fuskarta ce bai taɓa gani ba.

To ga yadda nake ganin za ki raba mintin nan 40. Ki buɗe da abin da ba ya canzawa kullum: gaisuwa, ranar mako, kwanan wata a rubuce a kusurwar allo, da tambayoyi uku ko huɗu daga darasin baya. Minti 5 ya isa. Daga nan sabon abu, kuma a nan akwai hanyar da ta dace da aji mai cunkoso fiye da kowace, ga shi ba ta da hayaniya ko kaɗan. Wani malamin jami'a a Amurka, James Asher, shi ya fito da ita a shekarun 1960, bayan ya lura cewa yaro yana daɗewa yana jin umarni yana aikatawa kafin ya fara magana. Ke ce mai magana, su jiki kawai za su motsa. Levez-vous, su miƙe. Asseyez-vous, su zauna. Touchez la tête, montrez la porte, ouvrez le cahier, prenez le stylo. Da farko kina yi suna kwaikwayo, can sai ki naɗe hannu ki faɗa da baki kawai, can kuma ki rikita jerin, ki haɗa biyu a jimla ɗaya. Yara 80 a nan riba ce, don wanda bai gane ba zai saci kallon na kusa da shi ya gyara, ba wanda ya ji kunya. Ke kuma da kallo ɗaya kin san layin da ya gane da wanda yake lalube. Sassan jiki, kayan aji, launuka, lambobi, dama da hagu, sama da ƙasa, duk suna shiga ta wannan ƙofa. Malamin lissafi ba zai ji komai ba sai motsin benci.

Bayan wannan sai maganar, wadda ita ce ta jawo miki ƙara. Kada ki bar ta, don in yaro 80 za su yi magana da ke ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa 30 kowa zai samu, ke kuma ba ki ce uffan ba. Dole su yi da junansu. Abin da ya ɓace, a ganina, shi ne iyaka. Ki fara da amshi: kin faɗa, aji ya amsa, sau uku ko huɗu. Sai layin taga ya yi tambaya, layin ƙofa ya ba da amsa, su juya. Sai an kai nan bakinsu ya faɗa, sannan ki ce kowa ya juya ga na kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa yadda na bayansu ba zai ji ba, minti 2 kina duba agogo. Ki sa alama ɗaya da kowa ya sani, kamar tafi uku ko ɗaga hannu, da zarar an yi ta an yi tsit. Ki ɓata darasi guda cur kina koya musu wannan alamar, ba asara ba ce. Hira bibbiyu takan zama kasuwa ne in yaran ba su da jimlar da za su faɗa, ko ba su san lokacin tsayawa ba, sai su koma Hausa su shiga labarin ƙwallo.

Minti 10 na kusa da ƙarshe na rubutu ne, kuma ga not ɗin shugaba. Sai dai abin da za su kwafa shi ne jimlolin da suka gama faɗa da bakinsu, layi biyar ko shida, da take da kwanan wata, a tsabtace. Kafin su kwafa ki nuna kowace kalma da sanda su karanta, ki ja ɗan layi ƙarƙashin haruffan da ba a furtawa, su ga da idonsu cewa s ɗin vous da t ɗin petit zaman kawai suke yi. In saura minti 3, ki yi musu shifta ta kalma uku. Kafin zango ya ƙare kowane yaro yana da shafi 20 na abin da ya iya karantawa ya kuma san ma'anarsa. Jadawalin aikatau kuwa, wanda kika tsana tun kuna ɗalibai, yana da ranarsa. Ki bari sai sun yi makonni suna cewa j'ai faim, tu as un stylo, elle a douze ans, sannan wata rana ki jera su a allo ki ce to ga sunan abin da kuke yi tuntuni. A lokacin jadawalin zai zauna, don ya sami abin kamawa.

Kada ki yi kwaɗayin kalmomi. Takwas a darasi sun isa, kuma a cikin jimla, don yaron da ya haddace c'est combien (nawa ne) da je voudrais (ina so) ya fi wanda ya haddace sunayen 'ya'yan itatuwa 30. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna yadda mantuwa ke cin sabon abu, ya ga a kwanakin farko ta fi ɓarna, kuma maimaitawa a rarrabe ita ce maganinta. Malaman Islamiyya ba su jira shi ba, muraja'a suke yi kullum, kuma yaranki sun san ta. Ki yi amfani da sunan ma, ki ce yau muraja'ar Faransanci za mu fara da ita. In firiyod ɗinki biyu a haɗe suke rana ɗaya, ki roƙi mai tsara jadawali ya raba su, Litinin da Alhamis misali. Wannan ƙaramin gyara zai yi miki aikin da ba ki zata ba.

Ba ki faɗa mini da wane harshe kike yi musu bayani ba. In da Turanci ne, ki sake tunani, don yawancin 'yan aji ɗaya a makarantun gwamnati Turancin bai zauna musu ba, sai ya zama ana haska duhu da duhu. Umarnin aji da gaisuwa da yabo su kasance da Faransanci kullum ba fashi, amma in ana buƙatar bayani, jimla biyu da Hausa sun fi minti 5 na Turanci. Kuma Bahaushe ya shigo ajin Faransanci da jarin da ɗan Ingila ba shi da shi. Le da la da ke wahalar da masu Turanci, yaronki ya taso da irinsu: ya san rana ta fito, wata ya tsaya, riga ta yage, wando ya tsufa. Abin da za ki gaya masa kawai shi ne su Faransawa nasu rabon daban ne, rana namiji ce a wurinsu wata kuma mace, su yi dariya su riƙe. Vous na girmamawa, ai shi ne "ku" da yake ce wa kakansa. R ɗin nan ta maƙogwaro da ake ta fama, ki ce su tuna gaini ta Larabci da suka koya a Islamiyya, su sassauta ta kaɗan, an gama. Inda za ki sha aiki shi ne p da f, da kuma v da b. Ki sa kowa ya riƙe 'yar takarda a gaban baki, ya ce pain leɓɓa a haɗe iska ta fashe, ya ce faim haƙora a kan leɓen ƙasa, har ya ji a bakinsa cewa burodi daban yunwa daban. Sautin u na tu kuma, su ce "i" su turo baki ba tare da harshe ya motsa ba. Minti 2 a kowane darasi, kar ya fi haka, in ba so kike su gaji ba.

Maganar kayan aiki, ke da kike jihar Katsina kin fi malamar Ibadan sa'a. Gwangwanin madara, ledar taliya, kwalin sabulu da na magani, da yawansu akwai Faransanci a jiki. Ki ce kowa ya zo da ɗaya, su nemo kalmomin da suka gane. Takardar sefa guda, ko hotonta, darasin lambobi ce sukutum. Kuma zai yi wuya a ce a cikin yara 80 babu mai dangi a Maraɗi ko Ɗan Isa, ko wanda ya taɓa zama a lakwal, makarantar boko ta Nijar, kafin iyayensa su dawo. Ki nemo su. Ki raba ajin gida 10, kowane gida yara 8 da shugabansa, yadda a makarantar allo gardi ke biya wa ƙolo kafin a kai gaban malam. Littattafan nan 10 da ke kulle, kin ga kowane gida ya sami ɗaya. Ki ce wa shugaba za ki sa hannu ki ɗauka, ki dawo da su da kanki bayan darasi. Abin da ya sa ake kulle su tsoron ɓata ne, in kin ɗauke masa wannan tsoron zai saki. Wayarki da ƙaramar lasifika ma za su yi amfani, don ya kamata yaran su ji wata murya ban da taki. Shafin TV5Monde yana da darussa kyauta an jera su mataki-mataki, ki zaɓi mafi sauƙi a inda kike da intanet. Labaran RFI na Faransanci mai sauƙi, Journal en français facile, sun fi ƙarfin yaran, wannan naki ne, minti 10 kullum kina aikin gida, don harshen da ba a motsa shi sai a matakin bonjour tsatsa yake yi.

Malamin lissafi ki same shi da kanki, ki ba shi haƙuri. Yana da gaskiya, ba a koyar da lissafi ana rera waƙa a bayan bango. Ki gaya masa surutun ya koma minti kaɗan, kuma ranar da za ku yi wasan saye da sayarwa a gindin bishiya za ku yi. In kin ga fuska, ki roƙe shi ya leƙo ranar da za ki koyar da 70 zuwa 99, ya ga yadda Faransawa ke cewa sittin da goma, da ashirin sau huɗu, da ashirin sau huɗu da goma. Malamin lissafi zai ji daɗin wannan, kuma wanda aka nemi taimakonsa ba ya saurin kai ƙara.

Jarrabawa kuma, ki sa ta yi kama da koyarwarki. Ki nemi a ba ki maki 10 daga cikin makin gwajin zango ya zama na baka. Ba sai kin ware rana ba: yara 4 a ƙarshen kowane darasi, tambaya uku-uku, a darasi 20 kin zagaye ajin. Su kuma 'yan aji uku, ki samo tsofaffin tambayoyin BECE ki riƙa ba su biyar a mako tun zangon farko, su saba da yadda ake tambaya.

Sai uban yarinyar. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Tarbiyyar 'yarsa yake tsaro, ya ji tana rera abin da bai san ma'anarsa ba, kuma ba laifi ba ne uba ya tambaya. Kada ki yi jayayya da shi ke kaɗai, a zauna a ofishin shugaba, ki kawo baitocin da fassararsu da Hausa ya ji cewa ƙirga ce da ranakun mako. Ni da ni ce ke, da na ajiye duk waƙar da aka ɗauko daga waje mai rawa ko tafi da juyi, na koma jera lambobi da watanni da kari irin na hadda. Amfanin ɗaya ne, kuma ba mai cewa komai. In maganar addini ta taso, akwai hujja ingantacciya: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kuma ya koya cikin kusan rabin wata. Ga kuma ayar Suratur Rum da ta sa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah. Amma ki guji maganar nan da ake yawo da ita cewa wanda ya koyi harshen mutane ya tsira daga makircinsu, malamai sun ce ba hadisi ba ce, kada ki jingina ta ga Annabi a kama ki da ita.

Batun Nijar, ya ji gaskiya amma rabinta. A 2025 hukumomin ƙasar sun mai da Hausa harshen ƙasa, abin da ya faranta wa kowane Bahaushe rai, sai dai sun bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Takardar kwastan, da ta asibiti, da karatun jami'a a Yamai da Maraɗi, har yanzu da Faransanci ake yin mafi yawansu. Ga Chadi, ga Kamaru, ga Benin inda 'yan kasuwarmu ke zuwa Kwatano ɗauko kaya. Duk ƙasar da muka yi iyakar ƙasa da ita ana aiki da harshen nan. Hedikwatar ECOWAS a Abuja take, Faransanci na cikin harsunanta. Mai fatauci ta Jibiya ya san abin da ake biyan mai karanta masa takarda, in uban nan ɗan kasuwa ne ba sai kin yi dogon bayani ba.

Maigidanki kuwa, hawayenki ya gani, ya kuma duba albashin, ya faɗi abin da mai tausayi zai faɗa. Ki gode masa, kada ki nuna masa kamar bai fahimce ki ba. Ki roƙe shi zango biyu. Ki ce masa kina so in za ki bari, ki bari bayan kin gwada abin da kika iya, kada ya zama faɗan rana ɗaya ne ya kore ki daga abin da kika yi shekaru kina karanta. Shagon ma ba sai an rufe ƙofarsa ba, kina iya sa ɗan jari ki riƙa leƙawa ranar Asabar, ki ga ko ranki na son sa. Kuma ki nuna masa cewa harshen yana iya kawo kuɗi bayan albashi: darasin yamma ga 'ya'yan masu hali, makarantun kuɗi da ke neman malamin Faransanci ido rufe, aikin fassara. In kika zauna jarrabawar ƙwarewa a Faransanci, DELF ta matakin B2, ko DALF in kin ji ƙarfi, a cibiyar Alliance Française kamar ta Kano, takarda ce da ake karɓa a ko'ina kuma ba ta tsufa. In zango biyun suka cika, kin yi not, sakamako ya ɗaga, amma har yanzu an hana ki ko minti 5 na magana, to ki nemi canjin makaranta kafin ki yi tunanin ajiye alli. In kuma a lokacin kin ga zuciyarki ta riga ta fita, ki tafi shagon da kanki a sama, ba wanda zai ce kin gaza.

Abin da za ki fara yi a makon nan shi ne komawa wurin shugaba, ke kaɗai, da safe kafin ofis ya cika. Kada ki tayar da maganar ranar nan. Ki ce, "Ranka ya daɗe, na yi tunani a kan abin da ka faɗa, ga yadda na gyara." Ki miƙa masa shafi ɗaya da ya nuna rabon mintocin, da inda kowane mako ya faɗa a manhaja, ya ga not yana ciki kullum. Sannan ki kawo buƙatunki: littattafan ofis, raba firiyod, makin baka. Ki gayyace shi ya shigo ajin bayan mako huɗu, ya ɗauki littafin duk yaron da ya ga dama, ya sa shi ya karanta abin da ya rubuta ya faɗi ma'anarsa da Hausa. Ki rubuto mini bayan hutu in ji yadda kuka ƙare, musamman makin bakan, don shi na fi zaton zai ce sai ya yi shawara da ofishin jarrabawa. In ya ce haka kada ki matsa, ki fara da biyun da ya ba ki.